Ƙanƙara: kalmar da manomi ke neman tsari da ita, mai azumi ke bin layi a kanta

1/
Azumin da ya wuce na aiki ɗan yayata da ya zo hutu daga Abuja ya sayo mana ƙanƙara a bakin kasuwar Funtuwa. Yaro ya tsaya yana kallona, sai da uwarsa ta ce "ayis yake nufi" sannan ya karɓi kuɗin. Baffana na zaune a zaure, manomi ne da ya haura 70. Jin kalmar kawai ya ce "Allah Ya tsare mu." Shi wadda ke faɗowa daga sama ta zo masa a rai.

Zare ne, kuma mai tsawo. Ku gyara zama 🧵

2/
Tun ranar nake bin diddigin kalmar nan. Ashe tarihin yankinmu na cikinta: gona, jirgin ƙasa, auduga, rediyo, wutar lantarki, allurar rigakafi, har da wata musiba da ke cin samarinmu yanzu. Amma bari mu fara da Turanci, tunda shi ya rikita yaron.

3/
Bature na da kalmomin asali daban-daban: "ice" daskararren ruwa, "hail" wadda ke zubowa da hadari, "snow" mai laushin nan da ke rufe gari fari fat, "frost" raɓar da ta daskare a kan ciyawa. Sai kuma ya riƙa liƙa kalma a jikin kalma. "Hail" da "stone" su ba shi ƙwayar ƙanƙarar sama guda ɗaya. "Snow" da "flake" su ba shi ɓarɓashin dusar ƙanƙara. "Ice" da "cube" su ba shi 'yan ƙananan da ake jefawa a kofi.

4/
Dokar liƙin ita ce: kalmar ƙarshe ita ce mai gida, ta farko bayani kawai take yi. "Ice water" ruwa ne, ba ƙanƙara ba. "Ice cream" kirim ne. Mu a Hausa mai gida ke shiga gaba, sai a ɗaura masa -n ko -r: ruwan sanyi, dusar masara, gonar auduga. Shi ya sa in ɗalibi ya fassara kalma bayan kalma yadda suka jeru, sai ya kifar da ma'anar.

5/
Kuma kada wani ya ɗauka su ma duk nasu ne. "Iceberg", ƙaton tsaunin ƙanƙarar teku irin wanda ya nutsar da jirgin Titanic a Afrilun 1912, aro suka yi daga mutanen Holan, ma'anarsa dutsen ƙanƙara. "Icicle", tsinin ƙanƙarar da ke reto a bakin rufi, rabinta na biyu tsohuwar kalma ce da ita kaɗai ma ke nufin abin. Da mutane suka manta ma'anarta sai suka ƙara mata "ice" a gaba. Kowa da irin nasa kwaɓar.

6/
To mu fa? Kalma ɗaya: ƙanƙara.

Duba ƙamusun Bargery na 1934 ko na waɗanda suka biyo bayansa, za ka ga tana ɗauke da ma'anar da yawancinmu muka manta: dutsen nan mai tauri da ake ƙyasta wuta da shi. Ƙyastu da ƙanƙara. Kafin ashana ta zo, da su kakanninmu ke hura wuta, kuma ita ce ke ba tsohuwar bindigar maharba tartsatsi.

7/
Ku tsaya ku ji wannan da kyau. Abin da ya fi komai sanyi da abin da ke haifar da wuta, suna ɗaya Bahaushe ya ba su. A fahimtata ba sanyin ya kalla ba. Tauri ya gani, da ƙyalli, da yadda take fasa abin da ta faɗa a kai. Tsakuwa ce daga sama. Bature ma da ya ce "hailstone" dutsen ya gani, kuma kalmar tasu ta haura shekara 1,000.

8/
Ɗan ratse ga masu rubutu ba ƙugiya: ƙanƙara daban, kankara daban. Kankara ita ce ta kankare tukunya, ko a ce Allah Ya kankare mana zunubai. Ga kuma kankare na siminti. Garin Ƙanƙara na Sarkin Pauwa, maƙwabcinmu ta yammacin Malumfashi, da ƙugiya biyu ake rubuta shi. Wayarku na da Ƙ, ku danne K ɗin ku riƙe.

9/
Yanzu tambayar da kowane yaro ke yi: ta yaya ƙanƙara ke faɗowa a garin da ake zufa?

In kana hawa sama, zafi na raguwa da kimanin digiri 6 da rabi a kowace kilomita. A irin ƙasarmu, kilomita 5 sama da kanka ruwa ya fara daskarewa, ko da a watan Afrilu ne. Baƙin hadarin nan mai tsayi kamar hasumiya kan haura kilomita 12.

10/
A cikinsa akwai iska mai ƙarfi da ke yin sama. Tana ɗaukar ɗigon ruwa ta kai shi inda zai daskare, yana yawo yana haɗuwa da wasu ɗigon suna manne masa, yana kauri. Ranar da ya fi ƙarfin iskar sai ya faɗo. In ka fasa babbar ƙwaya za ka ga zobe-zobe kamar albasa. Wato zafin ƙasa ne ke hura iskar da ke ƙera ƙanƙarar. Shi ya sa ta fi zuwa da guguwar farkon damina, wani lokaci kuma ta ƙarshenta.

11/
Ina aji huɗu a firamare aka yi wadda ba na mantawa. Bayan la'asar ne. Gari ya yi duhu, sai muka ji kwanon rufi kamar ana watsa masa tsakuwa da shebur. Mu yara murna! Muka fita da kwanon sha muna tsinta muna tsotsa, haƙora na zogi. Ina juyowa na ga Baffa a bakin zaure ya haɗa kai da gwiwa. Ban gane ba sai washegari da muka je gona.

12/
Ganyen masara ya tsattsage kamar an bi shi da reza. Mangwaron bakin rafi ya zube ɗanye. 'Yan tsakin Inna guda nawa suka mutu. Kuma abin takaici da ƙanƙara shi ne zaɓe take yi: gonarmu ta kwanta, ta maƙwabci da ke tsallaken hanya ko ganye ɗaya bai huje ba. Siririyar hanya take bi, minti goma ta gama ta wuce.

13/
Ga wani abu da ya kamata duk mai noman masara daga Bakori zuwa Ɗandume ya sani. In masara ƙarama ce, ba ta wuce ganye shida ba, idon da take tsiro da shi na ƙarƙashin ƙasa. Ko ƙanƙara ta aske ta, sau da yawa takan farfaɗo. A ba ta 'yan kwanaki kafin a yanke shawarar sake shuka. Wadda ke karya manomi ita ce ta lokacin da masara ta fitar da kai tana shirin goyo, ko auduga ta ɗaure ƙwallo. A nan babu gyara.

14/
Tamu ma da sauƙi. A Afrilun 1986, a Gopalganj ta Bangaladash, an yi ƙanƙarar da ƙwaya ɗaya ta kai kilo 1, mutum 92 suka rasu. A Yulin 2010 a Vivian ta jihar Dakota ta Kudu a Amurka aka tsinci wadda faɗinta ya kai santimita 20. Kwatanta da ƙwallon da kuke bugawa a layi.

15/
To ruwa ya taɓa daskarewa a ƙasa a Arewa, ba daga sama ba?

Ya taɓa, kuma a rubuce yake. A ƙarshen Disambar 1823 Hugh Clapperton da likita Walter Oudney suna hanyar Kukawa zuwa Kano tare da ayarin fatake. Clapperton ya rubuta cewa wata safiya sun tashi sun tarar ruwan da ke cikin ƙananan mazubai ya yi ɓawon ƙanƙara, salkunansu kuma sun sandare. Oudney, da ma ba shi da lafiya, ya rasu kusa da Katagum a Janairun 1824.

16/
Ba tatsuniya ba ce. A daren hunturu da sama ta yi garau, iska ta bushe kuma ta tsaya cak, ruwa marar zurfi na sakin zafinsa zuwa sama har ya daskare ko da iskar gari ba ta kai sifili ba. Da wannan dabarar mutanen Farisa da na arewacin Indiya suka daɗe suna yin ƙanƙara, a faffaɗan mazubi, tun babu inji.

17/
Mu ba mu bi wannan hanyar ba. Namu ilimin a yumɓu yake: randa da tulu. Jikin randa na tsattsafo da ruwa kaɗan-kaɗan, iska na busar da shi, busarwar na janye zafi daga ciki. Iyayenmu kan binne gindinta a jiƙaƙƙen yashi a inuwa, a turara ta, a rufe da faifai. Duk wanda ya sha ruwan sabuwar randa a watan Afrilu ya san abin da nake faɗa.

18/
Kuma fi'ilin "daskare" ya girmi firij nesa ba kusa ba. A kan mai muka san shi: man shanu, man kaɗe, kitse, manja da sanyin safiya. Har sanyin ma mun raba shi. Ɗari shi ne busasshen nan na hunturu mai fasa leɓe da kaushi. Sanyi ya fi karkata ga mai laima. In ya tsananta a ce jaura. Bature kalma ɗaya yake jefa wa ɗari da sanyi.

19/
Malaman zaure su suka fara cin karo da matsalar fassara, tun kafin Bature. Larabci ya raba: "salju" dusar ƙanƙara, "baradu" ƙanƙarar sama, wadda ta zo a Suratun Nur aya ta 43. A addu'o'in da kalmomin biyu suka zo tare, sau da yawa za ka ji an ba "salju" ƙanƙara, an bar "baradu" da raɓa. Kalma ɗaya gare mu, baƙi biyu suka zo, dole ɗaya ya kwana a ɗakin aro.

20/
Wani zai ce wannan talaucin harshe ne. A'a malam.

Kun san labarin nan da ake yaɗawa cewa mutanen Inuwit na can ƙuryar arewacin duniya na da kalma 100 ta dusar ƙanƙara? Franz Boas da aka jingina wa maganar, guda huɗu ya kawo a 1911. Masu kwafa suka yi ta ƙari. Sai a 1986 wata malama, Laura Martin, ta bi sawun labarin ta nuna yadda aka hura shi.

21/
Abin da ke gaskiya a ciki shi ne kowa na yawaita suna a inda rayuwarsa take. Tambayi Baffa ruwan sama: yayyafi, tsattsafi, marka, mamako, ruwan bazara, ruwan shuka. Tambaye shi dawa: kaura, farfara, da sauran da ni ma ba na iya rarrabewa a zangarniya. Ɗan Landan "rain" zai ce maka, sai ya ƙara siffa.

22/
Yanzu ga yadda ƙanƙarar sayarwa ta faro a duniya. A 1806 wani saurayi ɗan Boston, Frederic Tudor, ya sa aka yanko ƙanƙara daga tafkunan da suka daskare, ya loda a jirgin ruwa zuwa tsibirin Martinik. Mutane suka yi ta masa dariya. Ya yi asara, bashi ya kai shi kurkuku. Bai daddara ba.

23/
A 1833 ya aika tan 180 zuwa Kalkata ta Indiya. Wata huɗu a teku, an ƙetare tsakiyar duniya sau biyu, kusan tan 100 ya isa bai narke ba. Sirrin sana'arsa? Garin katako da ake zubarwa a wurin masu yankan katako, da shi ya riƙa lulluɓe ƙanƙararsa. In ka ga mai ƙanƙara a tasha ya rufe kayansa da buhu da garin katako, dabarar shekara kusan 200 yake yi.

24/
Sai inji ya kashe wannan kasuwar. A 1876 Bajamushe Carl von Linde ya fito da injin sanyaya mai aiki da ammoniya. A 1922 ɗalibai biyu a Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, suka ƙirƙiro firij da ba ya buƙatar lantarki, harshen wuta kawai yake so. Kamfanin Electrolux ya saye dabarar. Daga nan firij mai kananzir ya fito.

Wuta na haifar da ƙanƙara. Wanda ya raɗa wa dutsen ƙyastu suna da ya ji wannan da ya yi murmushi.

25/
Ta ina ya shigo mana? Ta hanyar auduga. Kamfanin BCGA da aka kafa a Manchesta a 1902 don nemo wa masaƙun Ingila auduga ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Sunan ne bakinmu ya mayar Bisije. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Ƙauye ya zama tasha, tasha ta zama gari.

26/
Tare da jirgi Turawan kamfani da na mulki suka zo, kuma a irin gidajensu da asibitoci firij mai kananzir ya fara zama a garuruwan da babu lantarki. Ku yi tunanin kuku ko boyin da ya fara buɗe shi ya ga 'yan dunƙulen nan masu ƙyalli. Ba sai an kira taron masana ba. Abin da yake tsinta yana yaro ne, sai dai wannan mai kusurwa huɗu. Ƙanƙara.

27/
Daga ranar kalmar ta ɗauki kaya na uku: dutsen wuta, ta sama, ta inji. Na farkon ashana ta kashe shi a hankali. Yau in ka ce wa ɗan shekara 20 ƙanƙara na ba da wuta, zai ce ka sha wani abu.

28/
Saura "snow". Hausawa ɗaiɗaiku sun gan ta tun da daɗewa. Dorugu, yaron nan Bahaushe daga ƙasar Damagaram da Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855, ya yi shekaru a can yana aiki da J. F. Schön a kan Hausa. Amma buƙatar suna ga jama'a ta taso ne da labaran duniya. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Jamus da Sin a 1963, Muryar Amurka a 1979.

29/
Mai karanta labarai a Landan, dusar na zuba a bayan tagarsa, zai gaya wa manomi a Ƙafur abin da ya tsayar da jirage a Turai. Me zai ce? Kalmar da ta zauna ita ce dusar ƙanƙara, kuma wallahi ban san fassarar da ta fi ta daɗi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai sussuka ko bakin injin niƙa ya san dusa: laushi, rashin nauyi, bin iska, manne wa gashin ido. Wanda bai taɓa fita Katsina ba ya ga abin a ransa.

30/
Ku lura da bambancin. Bature na da kalmar asali, ya liƙa mata wata. Mu muka ɗauko ɗaya daga turmi, ɗaya daga hadari, muka ɗaure da -r. Da wannan igiyar aka samu tsaunin ƙanƙara, narkewar ƙanƙara, wasan zamiya a kan ƙanƙara. Harshen bai gaza ba ko sau ɗaya da aka nemi ya yi aikin.

31/
Ƙanƙara ta shiga gidan talaka ne da lantarki. An gama madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972. Kuɗin Udoji suka faɗo aljihun ma'aikata a 1975, aka yi ta sayen rediyo, babur da firij. A daidai lokacin aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin ukun farko a ƙasar nan tare da Gusau da Gwambe. Taki ya zo, masara ta samu gindin zama, kuɗi suka shigo yankin.

32/
Wanda tarihi bai cika ambata ba su ne matan aure. Firiza ɗaya a tsakar gida ta zama jari. A ƙulla ruwa a leda, a ƙulla zoɓo, kunun aya, lamurje, yara su ɗauka a kula zuwa tasha da bakin makaranta. Innata da kuɗin ƙanƙara ta yi wa yayyena mata kayan ɗaki, kwano bayan kwano. In an ɗauke wuta kwana biyu kuwa, ranar ba mai yi mata magana a gidan.

33/
A nan ne kalmomin aro suka kwararo: firij, firiza, kula, askirim, janareta. Masu keken Fan Milk, kamfanin da ya faro a Ibadan a farkon shekarun 1960, su suka kai askirim unguwa-unguwa. A shekarun 1990 fiya wata ya kori ruwan ƙulli da "ayis wata" na kofi ɗaya da kowa ke sha. NAFDAC da aka kafa a 1993 ta matsa a kan rajistarsa sosai zamanin Dora Akunyili, daga 2001.

34/
Abin dariya, Turancin ƙanƙarar da muke taƙama da shi ma na gida ne. "Ice block" da ɗan yayata ya sani, in ka faɗa a Ostareliya alawar sanyi mai tsinke za a miƙo maka. "Ice fish" da muke ce wa sukumbiyar kwali, Bature zai zaci kana maganar kamun kifi ta ramin da aka huda a daskararren tafki. Mun ari dokar liƙinsu mun ƙera namu. Ba laifi ba ne, amma a daina yi wa mai cewa ƙanƙara kallon baƙauye.

35/
Gargaɗi ɗaya tunda mun zo nan: daskarewa ba ta kashe ƙwayar cuta. Ƙwayar kwalara da ta taifot na iya rayuwa a cikin ƙanƙara. In da ruwan rijiya marar kyau aka ƙulla ta, ka fasa ka zuba a kunu, ka sha rijiyar ne da sanyinta. In ba ka yarda da tushenta ba, jefa ta da ledarta a kula ta sanyaya abin shan daga waje.

36/
Akwai ƙanƙarar da ba a sha, kuma ita ta fi ceton rai. 'Yar akwatin nan da masu rigakafi ke ratayawa suna bi gida-gida, robobin daskararren ruwa ne jere a cikinta. Yawancin alluran rigakafi na son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, tun daga masana'anta har cinyar jariri a ƙauyen Faskari. Zafi na lalata su. Wasu kuma, kamar ta ciwon hanta da ta tetanus, daskarewa ce ke lalata su.

37/
Shi ya sa ma'aikaciyar da ta san aikinta ba ta ɗauko robar daga firiza ta jefa kai-tsaye. Sai ta bari ta fara narkewa, ta girgiza ta ji motsin ruwa. Ranar 25 ga Agusta 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da cutar shan inna ta daji, manya aka yi wa tafi. Ni na tuna matan nan da akwatinsu a rana tsaka, da firij mai kananzir da mai sola a ƙananan asibitoci.

38/
Mu dawo azumi. Watan na zagayo shekara cikin kimanin shekara 33. Iyayenmu sun yi shi a tsakiyar bazara wajen 1989 da 1990, mu kuma ya same mu a nan daga 2021 zuwa 2024. Na 2024 ba za a manta da shi ba. An cire tallafin mai tun 29 ga Mayun 2023, janareta ya zama sai wane da wane. Ranar 3 ga Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kowane ma'auni.

39/
A wannan ranar dai garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Rahotanni daga Bamako suka ce ƙanƙara ta fi burodi tsada. Mu ma nan kun gani da idonku: layi tun la'asar, farashin safe daban na yamma daban, ana sayar da rabi, ana sayar da kwata, wata ma cikinta ruwa ne tsundum. A Oktoban shekarar kuma Arewa ta yi kwana da kwanaki a duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Mai firizar sola ya zama sarki.

40/
Abin da ke ci mini rai shi ne inda sanyin ke ƙarewa. Muna da shi na kofi, ba mu da shi na gona. Je Ɗanja lokacin da tumatir ya yi yawa ka ga kwanduna a bakin titi, farashi ya faɗi warwas, abin da bai samu mota ba a yanka a shanya a ƙasa ya zama kauɗa. Bayan wata uku kuma kwano ɗaya ya gagari mai gida. Ɗakin sanyi ɗaya a bakin kasuwa zai canza lissafin.

41/
Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, jikan magina tukwane, ya koma wa ilimin randa: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen ƙyalle a sama. Kayan miyan da ke lalacewa a kwana uku suka riƙa kai makonni. Ya ci kyautar Rolex a 2000. Turawa sun rubuta shi a littattafai. Gidaje nawa kuka sani a Malumfashi da ke amfani da ita?

42/
Ita kuma ta sama har gobe manomi shi kaɗai yake ɗaukar asararta. Tun 1987 aka fara shirin inshorar noma na tarayya, amma zagaya dandali ka tambayi masu kadada biyu ko uku wa ya taɓa cike takardar. In ƙanƙara ta faɗa wa gonar da aka noma da bashin taki, a kan jaje ake tsayawa. Ko ƙididdigar kirki ta gonakin da take kwantarwa duk shekara ya kamata a ce ƙananan hukumominmu na ajiyewa.

43/
Kuma ga rikicin da kalma ɗaya ke jawowa. "Ruwan ƙanƙara" a bakin mai shago abin sha ne. A bakin manomi musiba ce. Na taɓa ganin an sa hoton gonar da ta lalace an rubuta "ruwan ƙanƙara a ƙauyenmu jiya", wani ya zo ƙasa ya rubuta "ku kun ji daɗi, mu nan ko wuta babu." Da gaske yake, bai buɗe hoton ba.

44/
Ma'ana ta ƙarshe ita ce wadda ban so ta shigo ba. "Ayis" da wasu samari ke nema a lungu yanzu ba ta firij ba ce. Ƙwaya ce, methamphetamine, mai kama da fasasshiyar ƙanƙara. A ƙasar Ibo suna ce mata mkpuru mmiri, wato ƙwayar ruwa. NDLEA ta fara gano wurin dafa ta a Legas a 2011. Tana hana barci da cin abinci, tana zubar da haƙora, tana taɓa ƙwaƙwalwa. In ƙaninka da ba ya azumi ya dami kowa da maganar ayis, ka bincika wacce.

45/
Ɗan yayata dai ya dawo da ƙanƙarar daf da magariba, rabinta ya narke a leda. Baffa ya kira shi ya zaunar, ya ciro wani ɗan dutse da guntun ƙarfe daga tsohuwar jakar fatarsa, ya ƙyasta sau uku a kan auduga har ta kama hayaƙi. Ya ce, "Wannan sunanta ƙanƙara. Waccan ta hannunka ma haka."

Yaro ya ce, "Baffa, sake yi in ɗauka a waya."

Da aka kira salla na miƙa wa Baffa kofin zoɓo mai ƙanƙara. Ya ture, ya ce a ɗebo masa na randa.